Yadda A Ke Tsaron Jijiya Lokacin Fiɗa

Mutane da yawa in likita ya ce za a yi musu aiki a ƙashin baya ko a ƙwaƙwalwa, sai su sulale gida, wai kada su tashi guragu. To, ku saurara ku ji irin tsaron da a ke yi.

A cikin ƙashin baya akwai laka, kaurinta kamar ƙaramin yatsa. Ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kamar wayar tangaraho. In ta tsinke ba ta ɗinkuwa. Ga shi kuwa wanda aka ba maganin barci ba shi da bakin cewa, "Likita, ƙafata ta mutu."

A 1973 waɗansu likitocin Faransa suka bayyana wata dabara, watau a farkar da majiyyaci kaɗan a tsakiyar aiki, a ce ya motsa yatsun ƙafa. Yanzu kuwa jijiyar kanta a ke tambaya. A kan manna waya a idon sawu, a saki 'yar wutar lantarki, a jira isowarta da waɗansu wayoyi a fatar kai. Saƙon kan isa cikin misalin kashi 1 cikin 25 na sakan. Sa'an nan a aika daga kai, a duba ko tsokar hannu da ta ƙafa sun amsa.

Akwai ma'aikaci guda, ba shi da aiki sai duban wannan na'ura. In ya ga ƙarfin saƙon ya ragu da rabi, nan take sai ya gaya wa likita. Likita ya dakata, ya sassauta ƙarfen da ya ɗaura, ko a ƙara ƙarfin gudun jini. Sau da yawa saƙon kan dawo tun ɓarna ba ta tabbata ba. Haka kuma a ke tsaron jijiyar fuska a aikin ƙwaƙwalwa, don kada baki ya karkace.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, sabo da haka ku tambaya. Mai farfaɗiya kuma ya faɗa tun kafin aiki.

Amma fa na'ura ba ta raya jijiyar da ta riga ta mutu. Tarin fuka kan ci ƙashin baya har ƙusumbi ya fito ya danne laka. In ciwon baya ya daɗe, ƙafa ta fara sagewa, ko fitsari ya ƙi fita, kada ku tsaya tsaga da ƙaho. Ku zo ɗakin magani a aika da ku babban asibiti. In an zo da wuri, galibi shan magani ma ya isa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.