Kada a Taɓa Sigar Gida: Lacca kan Sauya Python a Tsarin Linux



An nemi in yi magana kan abin da yake ƙarami a ido, amma yakan durƙusar da ɗakin kwamfuta guda: sauya sigar harshen Python da tsarin Linux ya zo da ita. Da yawanmu malaman kwamfuta mun rungumi Ubuntu ko Debian saboda ba a biyan kuɗin lasisi, kuma suna tafiya a kan tsofaffin kwamfutocinmu. Buɗaɗɗen tsari ne, kowa yana da ikon gyara shi. Wannan ikon kuwa yana tafe da nauyi, kuma a kan nauyin zan tsaya yau.

Mu fara da tarihi. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991. A watan Disamba na 2008 aka fitar da Python 3, wadda da gangan aka gina ta yadda shirye-shiryen Python 2 da yawa ba za su yi aiki a kanta ba sai an gyara. A tsohuwar, idan ka raba 7 da 2 za ta ba ka 3, sabuwar kuwa 3.5. Malamin da ya rubuta shirin fitar da matsakaicin makin ɗalibai ya san abin da rabin maki yake jawowa.

Akwai bambancin da ya fi wannan shafarmu. Python 2 tana ɗaukar rubutu a matsayin jerin bayit, shi ya sa idan ka ce ta ƙirga haruffan kalmar ƙasa a tsarin UTF-8 sai ta ce 5, domin ƙ ita kaɗai tana cin bayit biyu. Python 3 tana ɗaukar rubutu a tsarin Unicode tun daga tushe, sai ta ce 4. Ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, har da haruffan ajami, duk sun sami mazauni. A nan Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Duk ɗalibinmu da zai sa hannu wajen shigar da irin wannan gado cikin kwamfuta, Python 3 ce abokiyar aikinsa. Sauyin alheri ne, babu ja.

Sai dai ku dubi tsawon lokacin da aka ɗauka. An shirya daina kula da Python 2 a 2015, aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020. Arch Linux ta yi gaba tun 2010, ta mayar da umarnin python ya riƙa buɗe siga ta 3, shirye-shiryen mutane da dama suka tsaya cak, har masu kula da harshen suka fitar da takardar shawara mai lamba PEP 394. Fedora ba ta bi wannan sawun ba sai a siga ta 31, a 2019. Ubuntu 20.04 ta zo babu umarnin python sam, sai python3, ta bar wa mai so ya girka ƙunshin python-is-python3 da kansa. Debian 12 ta 2023 ce ta cire Python 2 gaba ɗaya. Ɗaruruwan ƙwararru sun kwashe fiye da shekara goma suna gwada ƙunshi bayan ƙunshi kafin su sauya.

To me ke faruwa a ɗakunanmu? Ubuntu 22.04 ta zo da Python 3.10, ta 24.04 kuma da 3.12. Ɗalibi ya ga darasi a YouTube da sabuwar siga, sai ya girka ta, ya yi amfani da update-alternatives ya karkata umarnin python3 gare ta. Washegari tagar rubuta umarni ta ƙi buɗewa, manhajar sabunta tsarin ta ƙi tashi, add-apt-repository yana kukan bai ga apt_pkg ba. Dalili shi ne tsarin kansa yana aiki da Python, kuma wasu sassansa an harhaɗa su ne don wannan sigar ita kaɗai. Wanda kuwa ya goge tsohuwar ɗungurungum, tana iya tafiya da fuskar tsarin duka. Kamar mutum ne ya zare azarar soro don yana son ice mai kyau na ƙyaure.

Inda intanet take a wadace, a sake girkawa cikin awa guda. A wurinmu sai an sayi data, an jira wuta ko an zuba wa janareta mai, wani lokaci an ɗauki kwamfutar zuwa Sakkwato, aji kuma yana zaune. Rigakafi ya fi magani.

Ga abin da nake roƙon mu riƙe. Na farko, sigar da tsarin ya zo da ita ta tsarin ce, kada a goge ta, kada a karkata sunanta. Na biyu, wanda yake buƙatar sabuwa ya girka ta a gefe, ya kira ta da cikakken sunanta, misali python3.13, ko ya yi amfani da pyenv wadda take ajiye sigogi a cikin jakar mai amfani. Na uku, kowane aiki a buɗe masa keɓantaccen muhalli da venv. Debian 12 da Ubuntu daga 23.04 ma sun hana pip, manhajar girka ƙunshi, zuba kaya cikin Python ɗin tsarin kai tsaye, kuma gargaɗin da suke nunawa kariya ce gare ku. Na huɗu, idan sigar gida ta tsufa, a ɗaga tsarin duka zuwa sabon fitowa, a lokacin hutu, bayan an kwafe ayyukan ɗalibai, an kuma gwada a kwamfuta ɗaya tukuna.

Malamai, kada wannan ya sa mu hana yara gwaji, domin da gwaji ake ƙwarewa. A ware musu kwamfuta ɗaya ko a koya musu VirtualBox, su ɓata su gyara son ransu. A kuma ajiye littafi a ɗakin kwamfuta, duk wanda ya sauya wani abu ya rubuta abin da ya yi da ranar da ya yi, saboda wanda zai gaje shi. Duk wanda kuma yake koyarwa da littafin Python 2 har yanzu, ya ajiye shi daga wannan zango, domin shekarunta sun wuce tun 2020.