Ɗan Filasha Ɗan Aike Ne, Kada Mu Mai Da Shi Rumbu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a GRA, Bauchi)



 

Kwamiti ne ya nemi in yi 'yar magana a kan wannan ɗan abu da nake riƙe da shi a hannuna, wanda yara ke kira filasha, saboda shawarar da ke gabanmu yau. Shawarar kuwa ita ce a ɗauki hoton dukkan takardun ƙungiya, wato rajistar mambobi, da rasit-rasit na kuɗin wata, da kwafin takardun gidaje da filaye waɗanda wasu daga cikinmu suka ba ƙungiya ajiya, a zuba su cikin filasha guda a damƙa wa sakatare. Ni dai sana'ata saye da sayar da kayan waya da na kwamfuta, kuma filasha na cikin abin da nake sarowa da katan-katan, saboda haka abin da zan faɗa daga bakin kanti ya fito. Ina goyon bayan a ɗauki hoton takardun. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar nan ta "guda".

Dalili kuwa, yawancinmu a nan zuwa muka yi. Wani daga Kano, wani daga Katsina, wani Zariya, wani Daura, aiki ko fatauci ya kawo shi ko ya kawo mahaifinsa. Ba mu da gidan kaka da dattawan gari za su tashi su ce mun san iyakarsa tun zamanin wane. Mutumin da ya sayi gida a GRA, tsohuwa ko sabuwa, takarda ce shaidarsa, ita ce kuma shaidar marayunsa bayan ransa. Don haka inda za a ajiye takarda ba ƙaramar magana ba ce a gare mu.

Bari in ɗan koma baya, don matasan da ba su ga jiya ba. A shekarun 1990, idan mutum zai ɗauki rubutu daga wannan kwamfuta zuwa waccan, faifan fulofi yake nema, wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu da ke ɗaukar megabait 1.44 kacal. Hoto guda na wayar yanzu ma ba zai shiga cikinsa ba. Ga shi kuma ba ya son ƙura, alhali kuwa kun san hunturun Bauchi. Bayansa aka shiga yayin faifan CD mai ɗaukar megabait 700, shi kuma da ya karce shi ke nan. Ita wannan ƙofa da ake soka filasha a jikin kwamfuta, wadda ake kira USB, a 1996 ta fito. Ma'ajiyar da ke cikin filashar kuwa wani injiniyan Japan ne mai suna Fujio Masuoka ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba tun cikin shekarun 1980. Sai a shekarar 2000 aka haɗa biyun aka fitar kasuwa: wani kamfani na Singafo mai suna Trek ya fito da nasa, kamfanin IBM na Amurka kuma ya sayar da wanda kamfanin M-Systems na Isra'ila ya ƙera, mai ɗaukar megabait 8. A lokacin abin mamaki ne, domin ya fi fulofi biyar. Wannan na hannuna giga 32 ne, wato ya ninka wancan sau 4,000, kuma ko tsawon yatsana bai kai ba.

Amfaninsa ba sai na daɗe a kai ba, kowa ya sani. Yaranmu da ke ATBU a Yelwa da Gubi, da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, da shi suke kai aikin kammala karatu a buga musu. Ma'aikacin sakatariya da shi yake yawo. Direba ya soka a rediyon mota ya saurari karatun Alƙur'ani tun daga Bauchi har Jos bai canja kaset ba. Tafsirin da muka taso muna ji a Rediyon Kaduna da azumi, na Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, Allah ya saka musu da alheri, wanda da sai an cika kwali da kaset-kaset, yau ga shi cikin aljihun gaba. Ba ya bukatar data, ba ya bukatar sabis. A wannan fanni ban san abin da ya kai shi ba.

To, amma akwai abubuwan da ya kamata ku ji daga bakin mai sayarwa, tun da mai saye ba kasafai ake gaya masa ba.

Babba daga ciki shi ne jabu. Kayan nan galibi daga Sin suke tasowa, su biyo ta Legas ko Kano kafin su iso mana, kuma a cikin tafiyar nan mai kyau da mugu tare suke zuwa. Jabun filasha ba kamar jabun caja ba ne da za ka gane tun ranar farko. A cikin kowace filasha akwai abu biyu: akwai ma'ajiyar kanta, akwai kuma wani ɗan ƙanƙanin mai kula da ita, wanda shi ne ke gaya wa kwamfuta girman ma'ajiyar. Abin da macuta ke yi shi ne su ɗauki ma'ajiya ta giga 8, su koya wa mai kular ya riƙa cewa giga 128 ce, su buga sunan SanDisk ko Kingston a jiki, su sa a kwali mai sheƙi. Ka soka a kwamfuta, ita ma ta ce maka 128, domin abin da aka gaya mata ke nan. Ka zuba kaya kaɗan, lafiya lau. Ranar da kayanka suka wuce giga 8 na gaskiya, sai sabon ya riƙa hawa kan tsohon yana shafe shi, ko kuwa ya tafi inda babu komai. Abin takaicin shi ne sunayen fayil-fayil ɗin duk suna nan a jere, kana kallo kana murna, sai ranar bukata ka buɗe ka tarar da wofi. Mu 'yan kasuwa mun san mudu mai bugaggen gindi. To, wannan shi ne, sai dai shi mudu a gabanka ake awo.

Wani bawan Allah ya taɓa zuwa kantina da irin wannan, hotunan bikin 'yarsa da bidiyon ɗaurin aure duk a ciki, ya riga ya goge na wayarsa don ya sami fili. Yaron da ke yi mini gyara ya kwana biyu a kai, bai fitar da ko kashi ɗaya cikin goma ba. Ba a lalace suke ba, tun farko ba su shiga ba.

Yaya za a gane? Farashi shi ne alama ta farko. In an ce maka ga giga 256 ko tera guda a kuɗin da ake sayar da giga 16, ka ajiye musu kayansu. Amma gwaji na haƙiƙa shi ne a cika ta maƙil, sannan a karanta abin da aka zuba. Akwai wata manhaja ta kyauta da Jamusawa suka yi mai suna H2testw, aikinta ke nan: ta cika filashar, ta koma ta duba, ta faɗi gaskiyar girmanta. Duk yaron da ya iya kwamfuta zai yi maka. In babu, ka zuba manyan bidiyo har ta cika, ka cire, ka kai wata kwamfutar, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. A yi wannan kafin a ba ta amanar komai, kuma a yi shi cikin kwanakin da mai kanti zai karɓi kayansa. Mai kantin da ya ƙi yarda a gwada, ya riga ya ba ka amsa. Ina kuma kira ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, wasunsu suna zaune a nan: ka gwada katan kafin ka baza a kanti. Cewa "ni ma haka na saro" ba ta wanke mutum daga algus in ya san yadda ake ganewa ya ƙi dubawa.

A nan kuma in kare 'yan kasuwa kaɗan. In ka sayi giga 64 ka ga kwamfuta ta nuna 58 ko 59, ba a cuce ka ba. Kamfani da 1,000 yake lissafi, kwamfuta kuwa da 1,024, bambancin ke nan. An sha zuwa ana yi mini faɗa a kan wannan.

Abu na biyu, cuta. Filasha kamar ƙafar mai yawon gida-gida ce, duk inda ta taka sai ta kwaso. Kwamfutar shagon buga takardu a rana guda filasha nawa ake soka mata? Wadda ta fi damun mutanenmu ita ce cutar nan da ke ɓoye fayil, ta bar maka wasu gumaka masu 'yar kibiya a gefe. Mutum ya buɗe ya ga babu komai, hankalinsa ya tashi, wani ya ce masa a yi fomat. Don Allah kada a yi. Sau da yawa kayan suna nan, ɓoye su kawai aka yi, wanda ya sani zai fito da su cikin 'yan mintoci. Fomat ɗin ne ke ƙarasa ɓarnar. Kada kuma a danna gumakan nan, domin dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfutar gida.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar talaka ce. A 2008 wata filasha da aka soka a kwamfutar wani sansanin sojan Amurka a Gabas ta Tsakiya ta shigar da cuta cikin kwamfutocin rundunar, har ma'aikatar tsaronsu ta hana amfani da filasha na wani lokaci. A 2010 kuma duniya ta ji labarin cutar Stuxnet, wadda ta lalata injunan tace makamashin nukiliya na Iran a Natanz. Wurin nan ba a haɗe yake da intanet ba, an killace shi, amma an yi cutar ne yadda za ta bi filasha ta shiga. Idan masu bindiga da katanga ba su tsira ba, ina ga kwamfutar sakatarenmu? Saboda haka filashar da aka tsinta a hanya ko a masallaci, cigiya za a yi, kada a soka don a ga ta wane ce. Kuma in takarda ɗaya ce za ka buga, gara ka tura wa mai shago ita kaɗai ta waya, da ka miƙa masa filashar da ke ɗauke da dukkan sirrinka.

Wannan ya kawo ni kan sirri. Yanzu mutum guda za ka tarar a filasharsa akwai hoton katin NIN, da fasfo, da takardar mallakar gida, da bayanin banki, da hotunan iyali. Abu ne da ke faɗuwa daga aljihu wajen alwala, ko a manta shi a jikin kwamfutar shago. Wanda ya tsinta ba ya bukatar mabuɗi. Har ma abin da ka goge, akwai manhajojin da ke dawo da shi muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba, don haka a yi hattara da kyautar da tsohuwar filasha. Ana iya kulle ta da kalmar sirri, wasu nau'o'in Windows suna da abin da ake kira BitLocker don haka. Sai dai in an kulle, a tabbata mutum biyu amintattu sun san kalmar, domin rai ba a hannunmu yake ba. Shugaba, ka kuma tuna tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma takardun da mambobi suka kawo nauyinsu na wuyan ƙungiya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda mutane ba sa yarda da shi sai ya same su: ko ta gaske ce, filasha tana mutuwa, kuma ba ta jinya. Ma'ajiyarta da ɗan cajin lantarki take riƙe rubutu, kowane gurbi kuma yana da iyakar sau nawa za a rubuta a goge. In an jefa ta a durowa shekara da shekaru ba a soka ba, musamman a ɗaki mai zafi, cajin nan yana iya zurarewa a hankali. In an fizge ta tana cikin aiki, ko wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur ana tsakiyar kwafi, tana iya rikicewa. Shi ya sa ake cewa a sallame ta daga kwamfuta tukuna kafin a zare. Takarda in ta fara lalacewa kana gani, gara ta ci gefe, ka ceci saura. Ita kuwa wannan jiya lafiya, yau ka soka shiru.

Saboda haka ga abin da nake roƙon taro ya amince da shi. A ɗauki hoton takardun, amma takardun asali su ci gaba da zama a akwatin ƙarfe, kada a yar da ko rasit guda. A sayi filasha biyu daga kantin da zai yarda a gwada, a gwada su a gaban kwamiti. Ɗaya ta zauna wurin sakatare, ɗaya wurin ma'aji, ba a gida ɗaya ba, saboda gobara da ɓarawo. A buɗe wa ƙungiya adireshin imel nata na kanta, ba na wani mutum ba, a ajiye kwafi na uku a can. Google na ba da giga 15 kyauta, ya ishe mu har da rara. Waɗannan biyun kuma ba za su taɓa shiga shagon buga takardu ba, a sayi ta uku ƙarama don aike. Duk bayan wata uku, a ranar taro irin wannan, a kawo su a soka a gaban mutane, a buɗe fayil biyar ko shida a gani, a ƙara sababbin rasit. Bayan 'yan shekaru a sauya su da sababbi ko da ba su nuna alamar komai ba.

Kuɗin filasha ta ukun, wato ta aike, na ɗauke wa ƙungiya. Matasa biyu da suka iya kwamfuta su ba sakatare sunayensu kafin a tashi, don a sa ranar fara ɗaukar hoton.