Dokar Kasuwa da Haƙƙin Mai Saye: Jawabi a Taron Shekara-shekara



Da yawa daga cikinmu kasuwanci ne ya kai mu Kano, Kaduna, Abuja da Legas, sauran kuwa ba ranar da ba sa shiga kasuwa sayayya. Don haka dokar da za mu tattauna ta shafi kowa a wannan zaure.

A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji majalisar kare masu saye da dokar soja ta 1992 ta samar, tare da kotu ta musamman mai duba hukunce-hukuncen hukumar.

Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da aibu, ko wanda ya saɓa da yadda aka siffanta masa. Rubuta "ba a dawo da kaya" a jikin rasit ba ya kashe wannan haƙƙi.

'Yan kasuwarmu kuwa sai a yi hattara. Abin da muka saba gani, na masu sana'a ɗaya su haɗa baki su yanke farashi, laifi ne a idon doka, kuma tarar kamfani tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata. Dokar ce kuma garkuwar ƙaramin ɗan kasuwa idan babban kamfani ya nemi danne shi. Tarar dala miliyan 220 da hukumar ta ci kamfanin Meta a 2024 ta nuna ba wanda ya fi ƙarfinta.

Shawararmu uku ce. Mu riƙa karɓar rasit muna adanawa, domin ƙara ba hujja wahala ce kawai. Mu rubuta duk yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu, ko da tsakanin dangi ne. Sannan ƙungiya ta kafa kwamiti na 'ya'yanta lauyoyi, wanda ɗan uwa zai tuntuɓa kafin ya sa hannu a takarda, ko ya kai kuka hukuma. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma jarin da ya salwanta a birni, gida ne ke jin zafinsa.

Allah Ya albarkaci nemanmu, Ya ɗaukaka garinmu.