Kafin Jirgin Ceto Ya Iso



Ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin sojan sama ƙirar C-130 ya faɗa fadama a Ejigbo, Legas. Mutum fiye da 150 suka rasu, masu ceto kuwa ba su isa da wuri ba. A 2002, da jirgi ya faɗo a Gwammaja, Kano, mutanen unguwa ne suka fara tono.

A bakin aikina na ga atisayen sojojin ceto. Kullum sai sun duba jirgi mai saukar ungulu, sun sauko ta igiya, sun gwada ɗauke majinyaci. Faretin da muke tafa wa, ladar wannan gumi ce.

To amma kafin jirgi ya taso zuwa Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, mu ne a wurin. Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin koya wa ƙannenmu tsayar da jini, kiran lamba 112 da share filin sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu.