Jawabin Yaye Ma'aikatan Lafiya na Unguwanni a Abuja



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, shugabannin kwamitocin raya mazaɓu, malamai, iyaye mata, da 'ya'yanmu da ake yayewa yau, barkanku da zuwa.

A 1978 ƙasashen duniya suka hallara a Alma-Ata, suka amince cewa ruwa mai tsabta da abinci mai gina jiki suna cikin kiwon lafiya a matakin farko, daidai da allura da magani. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dasa wannan tunani a Najeriya sa'ad da yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018 ya ɗora a kai, ya tura ma'aikata gida-gida. Ku da ake yayewa yau, wannan sawu kuka biyo.

'Ya'yana, ga yadda aikin yake. Uwa ta kawo yaro asibitin unguwa a Mpape ko Dei-Dei yana fama da gudawa. An haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ya warware. Da ya koma gida, jarkar mai ruwa da aka ciko daga rafi ce za a sake ɗibar masa. Kafin wata ya kama, ga shi an goyo shi an dawo. Kwalarar 2021 da ta shigo Babban Birnin Tarayya irin wannan hanya ta bi.

Saboda haka idan kun auna dantsen yaro kuka ga ma'aunin ya faɗa ja, kada ku tsaya ga rubuta tamowa a littafi. Ku tambayi abin da aka ɗora a murhu jiya. Ku haɗa uwar da ƙungiyar matan da ke sarrafa waken soya da gyaɗa. Famfon da ya lalace ku kai maganarsa ga kwamitin mazaɓa da hukumar samar da ruwa a karkara ta RUWASSA, ku yi ta bibiya har ruwa ya zubo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugabannin ƙananan hukumomi shida, daga Abaji har Bwari, muna roƙonku ku biya waɗannan yara alawus ɗinsu a kan kari, ku kuma saurari rahotannin da za su kawo muku. Iyayenmu sarakuna, ku sa baki magidanta su buɗe musu ƙofa.

Allah Ya yi wa aikinku albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.