Taliya Kaɗai Ba Ta Gina Jikin Yaro



Idan mun dawo daga gona da yamma, gajiya kan hana mu tuƙa tuwo. Sai mu dafa taliya da manja da yaji, yara su ci su kwanta. Ciki ya cika, amma jiki bai samu abin gina shi ba.

Ga gyara, a tukunya ɗaya. Ku yanka nama ƙanana domin ya nuna da wuri, kowane yaro kuma ya samu rabonsa. Ku soya shi da albasa da tumatir, ku sa daddawa, ku zuba ruwa. Idan ya yi laushi, ku kakkarya taliya a ciki. Minti 10 ya isa. Alayyahu ko zogale sai dab da saukewa. Kada ku hana mai, domin shi ke taimakon jiki ya amfana da bitamin A na ganye, mai kare lafiyar ido.

Ranar da babu nama, ƙwai ko busasshen kifi ya wadatar. Ƙaramin yaro kuwa, ku zuba masa a kwanonsa daban, kada yayyensa su tsince naman.