Yadda Ƙwayar Kwalara Take Ƙidaya 'Yan'uwanta



Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da ƙwayoyin cuta? To, sana'ata nazarin magana ce, su kuwa waɗannan halittu, ashe magana suke yi.

Bari mu fara daga ƙasar Yawuri. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi Gungawa daga tsibiransu, jama'a masu yawa suka koma zama a bakin tabki, daga Yelwa har Ngaski, ga kuma Sarkawa masunta. A ruwan nan ake wanka, ake wanki, wasu ma shi suke sha. Ba a jima ba, a 1970, annobar kwalara da ta taso daga Indunusiya a 1961 ta shigo Afirka ta Yamma. Ba ta kuwa yi sallama da mu ba, domin a 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton ta kama a Nijeriya, har da Jihar Kebbi.

A shekarar nan ta 1970 ne Hastings da abokan aikinsa a Amurka suka lura da wata ƙwaya ta teku, dangin ta kwalara, wadda ba ta ba da haske sai 'yan'uwanta sun yi yawa. Yaya aka yi ta sani? Kowace ƙwaya tana zubar da wani ɗan sinadari a cikin ruwa. In su kaɗan ne, sai ya watse. In sun taru, sai ya yi kauri, kowa ya ji.

Kunnen da ke jin wannan kira shi ne abin mamaki. A fatar ƙwayar kwalara akwai wani furotin mai suna CqsS, wanda Bonnie Bassler da ɗalibanta a Jami'ar Princeton suka bayyana a 2002. Ku ma'aikata za ku fi kowa gane shi, don kuwa akawu ne mai hatimi, hatimin nasa kuma fosfat. Muddin bai ji kira ba, a jikin kansa yake fara buga hatimin, ba ya jiran wani babba ya sa masa hannu. Daga nan ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na uku, har umurni ya fita cewa a manne wa hanji, a yi dafi. Amma da zarar sinadarin nan ya yi yawa ya zauna masa a kai, sai akawun ya juya aikinsa: shi da kansa yake bin takardun yana kankare hatimin da ya buga. Ban taɓa ganin ofishin da aka yi haka ba!

Watau ƙwayar tana yin dafi ne tun tana 'yar tsiraru. Dafin nan, wanda likita Sambhu Nath De ya tabbatar da shi a Kalkata a 1959, shi ke sa hanji ya yi ta tsiyayar da ruwa, har mai tsananin ciwo yakan rasa kusan lita guda cikin sa'a ɗaya. Sa'ad da suka cika hanji, sai su rage dafi, su saki inda suka manne, su bi gudawa su fita. Rundunar da ta ci gari ke nan ta kama hanyar wani. In bayan gida yana kusa da mashaya, ko ambaliyar damina ta kwashe shi zuwa rijiya, to, hanya ta samu.

Masana sun yi tunanin yaudarar akawun nan. A 2007 aka gano ainihin ƙirar sinadarin, aka kuma haɗa shi a ɗakin bincike, aka ga in an zuba wa ƙwayoyin, sai su ɗauka sun yi yawa, su rage haɗa igiyoyin da suke mannewa da su. Wannan dabara ba ta zama maganin asibiti ba tukuna. Majinyacin da aka ɗauko a kwalekwale daga Shanga, ruwan gishiri da sukari za a fara ɗura masa tun a hanya.